Zuwa ga abokan cinikinmu: mun daina bin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya da filashi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, masu cibiyoyin CBT (jarrabawa ta kwamfuta) da shugabannin makarantu da masu kafen intanet da muke yi wa aiki a Kano da kewaye. Muna gaisuwa, da fatan kowa yana lafiya, ya kasuwa, ya ɗalibai. Mun rubuto ne don sanar da ku sauyin da muka yi a yadda muke saka Windows da sauran manhajoji a kwamfutocinku, da kuma abin da sauyin zai buƙata daga wajenku. Takardar ta ɗan yi tsawo, a yi mana haƙuri. In an gama karantawa a miƙa wa yaron da ke kula da ɗakin kwamfuta, don rabin maganar tasa ce.

Kun san yadda aka saba. Kwamfuta ta rikice, a kira mu, ma'aikacinmu ya zo da filashi ya yi mata fomatin, ya saka Windows, ya nemo diraiban allo da na sauti da na netwok, ya saka Office da burauza, sannan ya matsa ta gaba. Ga mai kwamfuta biyar wannan ba wani abu ba ne. Amma ga mai 250, adadin da JAMB ke nema kafin ta amince da cibiya, ban da na ko-ta-kwana, aikin kan ci kwana da kwanaki, kuma a ƙarshe da wuya a sami guda biyu da suka fito iri ɗaya. Wata an manta da sabunta mata burauza, wata agogonta yana kan lokacin Amurka tun daga inda aka sayo ta. Ba a gane haka sai ranar da ɗalibi ya zauna a gabanta.

Daga yanzu kwamfuta guda za mu gyara. Mu saka mata duk abin da kuke buƙata, mu daidaita harshe da lokaci da firinta, mu gwada ta sosai, sannan mu kwafe dukkan abin da ke faifanta, daga sashen da ke tayar da ita har fayil na ƙarshe, mu dunƙule shi wuri ɗaya. Wannan dunƙulen shi ne hoton faifai. Za a ajiye shi a wata kwamfuta da za mu keɓe a cibiyarku ta zama saba, wato uwar da ke raba wa sauran, su kuma su riƙa janyo shi ta kebul ɗin netwok da dama kuke da shi. Ba filashi, ba faifan DVD, ba kwance kwamfuta.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun tsakiyar shekarun 1990 wani kamfani a Niyu Zilan ya fito da manhajar Ghost, wadda Symantec ta saya a 1998, tsofaffin hannu a sana'ar nan duk sun yi aiki da ita. Hanyar da kwamfuta ke tashi ta netwok kuwa, wato PXE, Intel ce ta tsara ta, kuma tun 1999 ta zauna da gindinta. Kusan duk HP da Dell da Lenovo na ofis da ake shigowa da su tokunbo suna da ita a ciki, kawai ba a kunna ta ne. In an kunna, kwamfutar tana tashi za ta nemi adireshi a netwok ta hanyar DHCP, a ba ta adireshin tare da sunan wani ɗan ƙaramin fayil, ta ɗauko shi daga saba ta TFTP, shi kuma ya ɗora mata ƙaramin Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a ƙwaƙwalwarta. Wannan Linux ɗin ne ke zuba hoton a faifanta. Ko da faifan fanko ne, ko Windows ɗin ciki ya lalace gaba ɗaya, ba abin da ya dame shi, tunda bai dogara da su ba.

Manhajoji biyu muke amfani da su, kuma duka kyauta ne, ba za ku ga kuɗin lasisinsu a takardar biyanku ba. Akwai FOG, wadda ke zama a saba, tana riƙe da rajistar kowace kwamfuta ta lambar katin netwok ɗinta, har tana ba ta sunanta da kanta bayan an gama. Akwai kuma Clonezilla, wadda aka ƙirƙiro a wata cibiyar binciken kwamfuta ta gwamnatin Taiwan, ita muke ɗauka zuwa ƙananan wurare inda ajiye saba na dindindin bai da amfani. Dukansu wuraren da ke ɗauke da bayanai kaɗai suke kwafa, su tsallake fili, shi ya sa faifai mai gigabait 500 kan ba da hoton da bai kai ko kusa da haka ba.

Yanzu ga maganar kebul da suwic (akwatin da kebul ɗin kwamfutoci ke haɗuwa), wadda a nan ne kuɗi zai iya fita daga aljihunku, don haka bari mu yi lissafin a fili. A ce hoton gigabait 20 ne. Layin gigabit yana ɗaukar kamar megabait 110 a daƙiƙa, kenan cikin minti uku da ɗoriya ya isa kwamfuta ɗaya. A tsohon suwic mai megabit 100 kuwa (gigabit megabit 1,000 ne), kashi ɗaya cikin goma na wannan gudun ake samu, minti ukun ya koma rabin awa. To a ninka da 250. In kowace kwamfuta za ta janyo nata kwafin daban, terabait 5 ne zai bi ta kebul ɗin saba, sama da awa 12 ko a layin gigabit. Mafita ita ce turawa lokaci guda: kwamfutocin duk su tashi su jira, saba ya aika hoton sau ɗaya tak, kowacce ta karɓa tare da 'yan uwanta. Haka ne ke sa a gama ɗaki guda kafin a tashi daga aiki.

Sai dai turawa lokaci guda tana da hali. Gudun ayarin duka yana bin na wadda ta fi kowa nauyi. Faifai ɗaya mai shirin mutuwa, ko kan kebul ɗaya da aka matse ba daidai ba har layin ya faɗo zuwa 100, ya isa ya riƙe sauran. Don haka kafin ranar aiki za mu zo mu gwada layukan, mu ware kwamfutocin da faifansu ke nuna alamar gajiya, mu yi musu nasu daban. Kebul Cat5e ya wadatar, ba sai kun canza zuwa Cat6 ba in wani ya ce muku dole ne, amma kada tsawon layi ɗaya ya wuce mita 100. Suwic ɗin tsakiya dai lallai ya zama gigabit, kuma ya fi kyau a sami wanda ke gane waɗanda suka nemi hoton ya tura musu su kaɗai, ba ya watsa wa firinta da kyamarori ba. Ta Wi-Fi kuwa ba ma yin wannan aiki sam.

Wani abu ƙarami da ke ɓata rana guda: a daina soka MiFi ko wata rauta a suwic ɗin ɗakin ba da saninmu ba. Ita ma tana raba adireshi, sai kwamfutoci su saurare ta su bar saba, a tsaya ana kallon baƙin allo. Haka nan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan madabod, wato babban allon cikin kwamfuta, CR2032. In ya mutu, da an ɗauke wuta kwamfutar ta manta saitinta, har da umarnin tashi ta netwok, agogonta ma ya koma baya. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma a tsofaffin kwamfutoci za mu ba da shawarar a canza su gaba ɗaya a rana ɗaya a huta.

Game da yawan hotunan da za a ajiye muku, ya danganta da irin kayan da kuka tara. Wanda ya sayi kwamfutocinsa samfuri ɗaya, hoto ɗaya ya ishe shi. Wanda ya riƙa saye goma yau, ashirin baɗi, zai iya buƙatar biyu ko uku, domin tsofaffi masu tashi da BIOS da sababbi masu UEFI (tsohon tsarin tayar da kwamfuta da sabonsa) tsarin rabon faifansu ya bambanta, fayil ɗin tayar da su ma ba ɗaya ba ne. Kafin ɗaukar hoton Windows muna bi ta kansa da Sysprep, kayan aikin Microsoft da ke goge shaidar kwamfutar asali don kada sauran su tashi da suna ɗaya da lamba ɗaya. Shawararmu ga mai shirin ƙaro kaya: ya daure ya sayi samfuri ɗaya, ko da zai ɗan fi tsada. Abin da ya ƙara a kasuwa zai dawo masa a kuɗin gyara.

Hoton nan kamar ƙarfen buga bulo yake, in ya karkace duk bulon da ya fito a karkace zai fito. Kwamfutar asali in ta ɗauki bairos, an raba wa 250 kenan cikin awa guda. Saboda haka ba za mu ɗauki hoto daga kwamfutar da ɗalibai ko kwastomomi suka riga suka yi amfani da ita ba, komai kyawun aikinta. Sabuwa fil muke ginawa daga faifan Windows na asali. Kowane hoto muna rubuta masa kwanan wata da jerin abin da ke ciki, mu fitar masa da lambar tantancewa ta SHA-256, wadda ko ɗigo ɗaya ya canza a fayil ɗin za ta nuna. Muna barin na baya guda ɗaya a saba ko da sabon ya zo da matsala, sannan kwafi na biyu a faifan waje da za a kulle a ofishin mai wuri, ba a ɗakin da saban yake ba. Kalmar sirrin saba mutum biyu kawai za su sani a wajenku. Duk wanda ya iya shiga wurin ya iya goge ɗakin gaba ɗaya da danna maɓalli kaɗan.

A kula da wannan sosai, don shi ne inda za a iya samun saɓani tsakaninmu. Zuba hoto yana shafe duk abin da ke faifan. Ba ajiyar fayilolinku ba ce. Sakamakon jarrabawa, hotunan fasfo, takardun da sakatariya ta buga, in suna kan tebur ɗin kwamfuta, sun tafi. Za mu buɗe muku babban fayil na kowa da kowa a saba, ko sashe na biyu a faifan wanda ba ma taɓawa, a riƙa ajiya a can. Kuma ba za mu fara ba sai mai wuri ko wakilinsa ya sa hannu cewa an kwashe abin da ake so. A ɗaya ɓangaren, ba ma yarda bayanan mutane su shiga cikin hoton. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su, kuma lambar NIN ɗin ɗalibi guda da ta maƙale a kwamfutar asali za ta bazu ne a kowace kujera.

Maganar lasisi ba ta canza ba. Kwafe Windows ba ya haifar da lasisi, kowace kwamfuta tana buƙatar nata. Da yawa daga cikin na ofis da aka ƙera tun zamanin Windows 8 makullin lasisinsu yana cikin madabod ɗin kwamfutar, da sun hau intanet za su kunna kansu, matuƙar nau'in Windows ɗin da aka zuba ya dace da makullin. Waɗanda ba su da shi za mu lissafa muku su. Manhajar da aka fasa ba ma sakawa a hoto, ko an roƙe mu. Sannan ku tuna Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 (wani sashen tsaro a cikin kwamfuta) da injin Intel na ƙarni na 8 zuwa sama ko makamancinsa na AMD. Kwamfutocin da ba su kai ba, in aikinsu koyar da buga rubutu ne da shiga intanet, muna iya yi musu hoton Linux Mint ko Ubuntu su ci gaba da amfani. In kuwa na jarrabawa ne, sai abin da hukumar jarrabawar ta amince da shi.

Wasu daga cikinku sun tambaya me zai hana a cire faifan gaba ɗaya, kwamfutoci su riƙa aiki kai tsaye daga hoton da ke saba, kamar yadda wasu gidajen wasan kwamfuta ke yi ta iSCSI. Ana yi, kuma yana da daɗi, don da an kashe an kunna komai ya koma sabo. Amma mu ba mu ba da shawararsa a ɗakin jarrabawa. Saban nan in ya tsaya na minti ɗaya, ɗakin duka ya tsaya, kuma kowa ya san yadda sauyawa daga wutar NEPA zuwa janareta take. A tsarin da muka zaɓa, da an gama zuba hoto kowace kwamfuta ta tsaya da ƙafarta. Ranar jarrabawa ma a kashe saban namu, a zare kebul ɗinsa, kada ya yi karo da na'urorin hukuma. Nasu kayan da manhajarsu ba ma taɓawa.

Ranar aiki muna buƙatar wuta tsayayya daga farko har ƙarshe. In ta yanke ana tsakiyar zubawa ba abin da zai ƙone, sai dai a sake daga farko, man da aka ƙona kuma ya tafi a banza. A tanadi dizal, a ɗora saba da suwic a kan inbata ko UPS. Saban ba sai sabo ba, kwamfuta mai ƙarfi ɗaya daga cikin naku ta isa in aka ƙara mata faifan SSD, a ajiye ta inda iska ke shiga, a riƙa busa mata ƙura musamman lokacin hunturu.

Masu yarjejeniyar shekara da mu, zagayen duba layuka da kwamfutoci yana cikin abin da kuka riga kuka biya. Abin da za a saya, suwic ne ko batir ko faifai, za mu kawo muku a rubuce ku amince tukuna. Masu cibiyoyin CBT muke so mu fara da su, kuma a gama tun kafin jarrabawar gwaji ta JAMB, don haka a turo mana jerin kwamfutoci da samfurinsu da manhajojin da ake so a lambar ofis da kuka sani, tare da sunan wanda za mu koya wa aikin a wajenku. Koyon ba ya wuce yini ɗaya, bayan nan shi da kansa zai riƙa mayar da kwamfutar da ta rikice ba sai ya jira mu ba.

Mun gode da amanar da kuke ba mu. Allah ya ƙara buɗi.

Wassalam.

Naku,
Manaja, a madadin dukkan ma'aikata