Wasiƙar godiya ga sashen binciken sauti na kamfanin Harman

Zuwa ga ma'aikatan sashen binciken sauti,
Kamfanin Harman International,
Northridge, jihar Kalifoniya, Amurka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto muku wannan takarda a fili, inda kowa zai karanta, domin aikin da nake gode muku a kai ma a fili kuka yi shi. Ni ba injiniya ba ne, kuma ba na sayar da kayan kowa. Mai sauraro ne kawai, cikin mutanen nan da dare kan raba suna zaune suna cire wannan iyafis suna saka wancan a kan waƙa ɗaya, suna neman wanda zai fito da muryar mawaƙi yadda take. Duk mai irin wannan sha'awa ya san inda gizo ke saƙar. Kunne yana ji, amma da zarar an ce mutum ya faɗi wanne ya fi, kuma don me ya fi, sai magana ta watse. Wannan ya ce sautin yana da ɗumi, wancan ya ce yana da faɗi, na uku ya rantse cewa sabuwar igiyar azurfa da ya haɗa wa iyafis ɗinsa ta buɗe masa komai. Kowa da gaskiyarsa, babu mudun da za a auna da shi. Ku ne kuka ba mu mudu, kuma yabon gwani ya zama dole.

Tushen aikin ya girme iyafis ɗin da muke rigima a kansu yau. Floyd Toole ya yi shekaru a Hukumar Bincike ta Ƙasa ta Kanada da ke Ottawa yana gwada manyan sifikoki da kunnuwan mutane, kafin ya koma Harman a 1991, Sean Olive kuma ya biyo shi a 1993. A 1994 su biyun suka fitar da sakamakon wani gwaji da har yau nake ganin ya kamata duk mai sharhin kayan sauti ya san da shi kafin ya buɗe baki. Sun tara ma'aikatan kamfanin, suka sa su saurari sifikoki huɗu, sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya an saya su a bayan labulen da sauti ke ratsawa. Da ido na gani, manyan masu ƙyalli da tsada suka ƙara samun maki, ƙarami mai araha ya sha ƙasa. Da aka ja labule, tazarar ta ragu, lissafin ya canza. Abin da ya fi jan hankalina shi ne har ƙwararrun masu sauraro ba su tsira ba. A wannan harka dai gani yana korar ji da gaske, kuma kamfanin da ke cin abinci da manyan sunayen kayan sauti irin su JBL da Revel da Mark Levinson shi ne ya fito ya faɗi haka. Da kun so, da kun ajiye wannan sakamako a aljihun tebur.

Sifika ana iya ɓoye ta a bayan labule. Abin da ake sakawa a kunne fa? Mutum yana jin nauyinsa, yana jin sanyin ƙarfensa, yana gane yadda ya zauna masa, ko da an ɗaure masa ido. Dabarar da kuka yi a nan ta burge ni ƙwarai. Kuka auna yadda kowane iyafis ke fitar da sauti, daga mafi kauri zuwa mafi siriri, sannan kuka ɗauki iyafis guda ɗaya kuka riƙa sauya masa sauti da kwamfuta, ya kwaikwayi wannan, ya kwaikwayi wancan. Mai sauraro bai cire komai daga kunnensa ba, maɓalli kawai yake dannawa ya tsallaka daga ɗaya zuwa ɗaya nan take. Wannan saurin yana da muhimmanci, domin ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin launin sauti sai na ɗan lokaci kaɗan. Kafin mutum ya cire iyafis, ya nemo wani, ya gyara masa zama, abin da ya rage a kansa labarin sautin farko ne, sautin kansa ya tafi. Da wannan hanya kuka gwada iyafis iri 30 da masu sauraro 71, kuka gabatar da sakamakon a 2017 a taron ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES, kuma kuka nuna cewa daga zanen awo kaɗai, wato layin da ke nuna ƙarfin kowane sauti daga mai kauri zuwa siriri, ana iya hasashen wanda mutane za su fi so, hasashen da ya yi kusa sosai da abin da kunnuwansu suka zaɓa.

Zanen awon da kuka gano yawancin masu sauraro sun fi so, wanda yanzu kowa ke kira layin Harman, na hedifon mai rufe kunne ya fara fita a 2013, aka sake gyara shi a 2015 da 2018, na iyafis kuma aka yi ta gyara har zuwa 2019. Kafin in fahimci dalilin siffarsa, abin da ke ɗaure wa yawancinmu kai shi ne wani tudu da ke tsakiyarsa, wajen 3,000 Hz (Hz ma'aunin kauri da siririn sauti ne, yawan lambar na nufin siriri). Mai hankali zai ce ai abin sauraro nagari shi ne wanda layinsa ya miƙe sak, ba tudu ba kwari. Bayananku suka warware mini wannan. Idan mutum yana sauraron sifika ko mawaƙi a ɗaki, sautin yana bugun kai da kafaɗa, ya bi lanƙwashe-lanƙwashen kunnen waje, ya shiga ramin kunne, kuma wannan hanya da kanta tana ƙara wa sautin da ke wajen 3,000 Hz ƙarfi sosai kafin ya isa dodon kunne. Tun muna jarirai haka muke jin duniya, ƙwaƙwalwa ta ɗauki wannan a matsayin daidai. Iyafis kuwa ya tsallake kunnen waje gaba ɗaya, ya toshe ramin. Idan maƙerinsa bai mayar da wannan ƙarin ba, sai a ji murya ta dusashe kamar ana waƙa ta cikin bargo. Idan ya zarce, sai mawaƙiya ta koma yi wa mutum ihu a ka. Shi ya sa kuka fara daga sifika mai kyau a ɗaki mai kyau, kuka auna abin da ke isa dodon kunnen wani kan roba da aka ƙera don awo, sannan kuka miƙa wa mutane abin murɗawa marar alama ko lamba, kowa ya ƙara ko ya rage kaurin sauti da siririnsa har ransa ya kwanta. A zagayen 2015 mutum 249 ne suka murɗa, daga Amurka da Kanada da Jamus da Sin.

Akwai wani abu ƙarami da kuka kula da shi wanda ya nuna mini cewa ku ma kuna saka iyafis a kunnenku, ba a takarda kawai kuka san shi ba. Shi ne yadda robar da ke bakin iyafis ke toshe ramin kunne. Duk wanda ya taɓa gwadawa ya sani: a saka iyafis mai daraja da robar da ta yi wa kunne ƙanƙanta, sai a ji ganga ta zama kamar ana ƙwanƙwasa kwali, jita mai kauri ta ɓace, komai ya koma sirit. Sai mutum ya kai hannu ta bayan kai, ya ɗan ja saman kunnensa, ya tura robar da ta fi girma, ya saki. Nan take hayaniyar ɗaki ta yi ƙasa, ya fara jin numfashinsa a cikin kansa, kuma da ganga ta sake bugawa sai ya ji nauyinta ya dawo. Iyafis ɗin bai canza ba, iska ce ta daina zurarewa. Sharhi nawa aka rubuta ana zagin kaya nagari saboda wannan kafar da ba a gani? Ku kuwa kuka dasa ɗan ƙaramin makirufo a jikin iyafis ɗin gwajinku don ku tabbatar da cewa ya toshe a kunnen kowane mai sauraro kafin a karɓi ra'ayinsa.

Haka ma batun daidaita ƙara. Tun 1933 Fletcher da Munson na ɗakin binciken Bell suka nuna cewa kunne ba ya jin kauri da siriri daidai a kowane mataki na ƙara: idan aka rage, kaurin ne ke fara guduwa. Saboda haka wanda ya ɗan fi ƙara cikin iyafis biyu, ko da kaɗan ne, shi zai fi yin kama da mai cika da armashi. Iyafis kuwa ba su da ƙarfi ɗaya, wani yana tashi da ɗan abin da waya ta ba shi, wani sai an murɗa sosai. Daga gare ku na koyi in daidaita wannan kafin in yanke hukunci, kuma yanzu ba na karɓar kwatancen kowa idan bai yi haka ba. Wannan ɗabi'a ta kuma zo da wata riba, domin mai gwaji a matsakaiciyar ƙara yana kare jinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babba iyakar desibel 80 (ma'aunin ƙarar sauti) na sa'o'i 40 a mako, kuma mai kunna iyafis a ƙure don ya ji daɗin bes, wato sauti mai kauri, ba ya daɗewa a cikin wannan iyaka.

Abin da ya fi ƙara muku girma a idona shi ne ba ku ce duk duniya kunne ɗaya gare ta ba. A binciken da kuka yi kan hedifon, kuka raba masu sauraro gida uku: kashi 64 cikin ɗari sun fi son layin yadda yake, kashi 15 suna son a ƙara bes, kashi 21 suna son a rage. Masu son ƙari yawancinsu samari ne, masu son ragi kuma akwai dattawa da mata da yawa a cikinsu. Ni kaina ina jin daɗin iyafis idan an ɗan sassauta tudun tsakiyar nan, an bar wa muryar namiji ɗan kauri a ƙasa, kuma na san akwai masu sauraro da dama da ke muhawara da layin iyafis na 2019 a kan daidai wannan wuri. To amma ku duba irin muhawarar. Ana cewa a rage desibel kaza a wuri kaza, kowa yana iya buɗe ikwalaiza, wato manhajar ƙara ko rage sassan sauti, a wayarsa ya gwada ya ji da kunnensa. Kafin ku, gardamar ba ta da wajen tsayawa. Ko mai sukar layinku da ma'auninku yake sukarsa, kuma hakan bai yiwu ba sai don kun buga hanyar aikin da adadin mutanen da sakamakon gaba ɗaya.

Kun kuma faɗi abin da ba kowane kamfani ke son a ji ba, cewa alaƙar tsadar hedifon da yadda mutane ke son sautinsa mai rauni ce sosai. Wannan ba ya nufin iyafis mai tsada banza ne. Akwai ingancin ƙira, akwai daidaituwar kunnen hagu da na dama, akwai yadda yake zama a kunne sa'o'i ba ciwo. Amma yawan ƙananan sifikokin da aka cusa cikin ɗan ƙwanson iyafis, ko biyar ne ko goma sha biyu, ko mai faifan rawa ne ko ƙaramin nan da aka aro daga na'urar taimaka wa masu matsalar ji, ba shi ne ke yanke hukunci ba. Abin da ya isa dodon kunne shi ne magana. Tun da wannan ya bazu, maƙera da yawa, manya da ƙanana, suka fara nuna zanen awon kayansu, wasu ma suna buga shi a jikin kwali. Ku ma kun bi abin da kuka gano a kayanku, kamar hedifon AKG K371, kuma bayan Samsung ya sayi Harman a 2017 an ga tasirinsa a jerin iyafis na Galaxy Buds da miliyoyin mutane ke sakawa ba tare da sun taɓa jin sunan layin ba.

Sai manhajar How to Listen da kuka saki kyauta. Ita ce irin wadda kuke horar da masu sauraronku da ita: a ƙara ƙarfi a wani yanki na waƙa, a ce mutum ya nuna inda aka taɓa, yana ci ana ƙara masa wuya. Bayan an zauna da ita, kalmomi irin su kaifi da dushewa suna samun adireshi. Mutum zai gane cewa tsinin da ke soka masa kunne duk lokacin da mawaƙiya ta furta harafin s yana zaune ne can sama, galibi tsakanin 5,000 da 8,000 Hz, kuma kumburin da ke haɗiye kalmomi yana ƙasa, wajen 200 zuwa 300 Hz. Wanda ya san wurin ciwo ya san abin da zai gyara, ba sai ya sake sayen wani ba.

Roƙona ɗaya ne. Tsohon ma'aunin ramin kunne da aka daɗe ana awo da shi, wanda aka fi sani da 711, ba a cika dogara da shi ba idan an haura wajen 10,000 Hz, kuma tsinin da yake nunawa kusa da 8,000 Hz yana matsawa gaba ko baya gwargwadon zurfin da aka tura iyafis. Yanzu akwai sababbin kawunan awo, irin 5128 na kamfanin Brüel & Kjær, da suka fi kama da kunnen mutum kuma suke kaiwa har 20,000 Hz. A can saman ne iyafis masu tsada suka fi bambanta da juna, a can ne kuma kunnen wani ya fi saɓa wa na wani. Ina fatan duk abin da kuka gano a wannan yanki za ku ci gaba da fito da shi fili kamar yadda kuka saba, tare da ƙara yawan mata da dattawa da mutanen nahiyoyi daban-daban cikin masu sauraron gwajin.

Ina miƙa godiya ta musamman ga Floyd Toole da Sean Olive da Todd Welti da Elisabeth McMullin da Omid Khonsaripour, waɗanda sunayensu ke kan takardun binciken, da kuma ɗaruruwan masu sauraron da suka ba da lokacinsu da kunnuwansu ba a san sunansu ba. Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai sauraro da ya amfana da aikinku.