A ajiye na'urar awon jini kusa da butocin alwala

Edita, assalamu alaikum.

Ka ɗan ba ni fili in yi magana da iyayen gidanmu masu masana'antu, musamman na Sharaɗa, Bompai da Challawa. Ni ma'ajin kaya ne a wani kamfanin roba, shekarata goma sha ɗaya ke nan a bakin sito.

Ana saura kwana uku babbar sallah, wani abokin aikinmu mai kula da injin narka roba ya tsuguna zai yi alwalar azahar, sai muka ga buta ta kuɓuce masa. Ya miƙa hannu zai ɗauka, hannun ya ƙi. Baki ya karkace, magana ta sarƙe. Wasu suka ce iska ce, wani har ya fara tofi. Da aka kai shi asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma hawan jini ya daɗe yana cin sa bai sani ba. Ya ƙara da cewa haka ciwon yake, galibi ba ya sallama. Mutumin nan bai cika hamsin ba, yana da 'ya'ya bakwai.

Me ya hana shi zuwa awo tun farko? Duk wanda ya taɓa aikin kamfani ya san amsar. Ka tafi asibiti, an yanke maka kuɗin yini. In kai ɗan wucin gadi ne, ranar da manaja ya ji kana da ciwo, sunanka ne na farko idan an tashi rage ma'aikata. Saboda haka kowa ke ɓoye nasa, a haɗiyi Panadol da shayi a koma bakin inji.

Roƙona na farko ba mai tsada ba ne. Na'urar awon jini ta batir, wadda ake ɗaurawa a dantse, kuɗinta bai kai na tayar tirela ɗaya ba. A ajiye ta kusa da masallacin kamfani, tunda nan kowa ke bi. Mutum ya zauna ya huta minti biyar, ya auna. In ya ga 140/90 ko sama da haka a ranaku daban-daban, ya nemi likita. Amma don Allah kada sakamakon ya bi ta ofishin manaja. Ranar da aka fara rubuta shi a fayil, ranar kowa zai daina aunawa.

Na biyu shi ne mai nauyin: a ba mai hawan jini ko ciwon suga rabin yini a wata ya je ganin likita, ba tare da an taɓa albashinsa ba. Maganin nan kullum ake sha, ba a ajiye shi don an ji sauƙi, kuma da yawa suna dainawa ne saboda ba hali. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022, ta wajabta inshora. Alhaji, ma'aikatanka nawa ne ke da kati?

Sai abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato wajen ƙaramin cokali guda. Ku leƙa tukunyar mai abincin bakin geti ku ƙirga dunƙulen da ke shiga miya, kafin a zo ga yaji. Ba laifinta ba ne, mu ne muke cewa ba ta ji ba. Kamfanin da ke biyan kuɗin abinci yana da bakin cewa a rage. 'Yan aikin dare kuwa, masu awa goma sha biyu a tsaye, da lemon ƙara kuzari da goro suke kai safiya. A sama musu ruwan sanyi da hutu na gaske a tsakiyar dare.

Abokin namu yanzu yana takawa da sanda, injinsa kuma an ba wani tun mako na biyu. Bayan sallah na tsaya a kemis na auna nawa, 152/96. Na ga likita, na fara shan magani. Manajanmu bai sani ba.

Naku,
Wani ma'ajin kaya,
Sharaɗa, Kano.