Manjulika ba aljana ba ce: gyara a kan shirinku na fina-finai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri a gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne game da shirinku na fina-finai na makon jiya, inda mai gabatarwa ya ɗauko fim ɗin Indiya mai suna Bhool Bhulaiyaa, ya bayyana shi da cewa labarin wata aljana ce da ta shiga jikin amarya, har sai da aka kira boka ya fitar da ita. Na ji daɗi da kuka tuna da fim ɗin, domin yana cikin 'yan ƙalilan da suka iya haɗa ban tsoro da ban dariya ba tare da ɗaya ya kashe wa ɗaya armashi ba, amma wannan bayani ya kauce wa abin da fim ɗin ya ƙunsa, kuma kaucewar ba ƙarama ba ce.

Fim ɗin ya fito a shekarar 2007, Priyadarshan ne ya ba da umarni, kuma ma'anar sunansa ita ce wuri mai lungu da saƙo wanda mutum ke shiga ya rasa hanyar fita. An kwaikwayo shi ne daga fim ɗin Manichitrathazhu, wanda Fazil ya yi a 1993 da harshen Malayalam na jihar Kerala, wanda kuma Shobana ta samu lambar yabo ta ƙasa saboda rawar da ta taka a cikinsa. Labarin shi ne Siddharth ya dawo daga Amurka da matarsa Avni, suka dage sai sun zauna a tsohuwar fadar kakanninsa, duk da gargaɗin dangi cewa akwai ɗakin da aka rufe a sama tun zamanin Sarki Vibhuti Narayan. Wannan sarki ya sa ido a kan wata mai rawa 'yar Bengal mai suna Manjulika, da ya gane cewa zuciyarta tana wajen wani mai rawa, Shashidhar, sai ya fille masa kai, ita kuwa ta rataye kanta bayan ta yi rantsuwar ɗaukar fansa. Avni ta samo makulli ta buɗe ɗakin, daga nan aka fara jin ƙarar ƙararrawar ƙafa da tsakar dare, da muryar mace tana waƙa da harshen Bengali, kayan jikin Avni ma suka kama da wuta.

Ko da mun tsaya a kan abin da mutanen gidan suka yi imani da shi, kalmar aljana ba ta dace ba. Abin da suke tsoro kurwar matacciya ce da ta ƙi barin duniya, wato fatalwa, kuma fatalwa dabam take da aljani. Aljanu halitta ce dabam da Alƙur'ani ya ambata, har da sura guda mai sunansu, ita kuwa fatalwa zance ne na tatsuniya da hirar dare. Na lura masu fassara fina-finan Indiya zuwa Hausa sukan mayar da duk abin da ya yi motsi a cikin duhu aljani, wataƙila don ya fi saurin shiga kunne, to amma gidan rediyo da jama'a ke ɗaukar maganarsa da muhimmanci ya kamata ya fi su tantance kalma.

Babban gyaran kuwa shi ne, a ƙarshen fim ɗin babu aljana kuma babu fatalwa. Wanda aka kira, wato Aditya, wanda Akshay Kumar ya fito a matsayinsa, likitan ƙwaƙwalwa ne kuma abokin Siddharth. Shi ne ya bi sawun ƙuruciyar Avni har garinsu, ya gano cewa ta tashi a hannun kakarta cikin tatsuniyoyi, rabuwa da kakar kuma ta bar mata rauni a zuciya, har ta kamu da cutar da mutum ke zama kamar mutum biyu a jiki ɗaya, ɗaya bai san abin da ɗayan yake aikatawa ba. Da ta ji labarin Manjulika sai ta sanya shi kamar riga, ta riƙa ganin mijinta a matsayin azzalumin sarki. Duk wanda ya ga wurin da Vidya Balan, wadda ta fito a matsayin Avni, ta ɗaga gado da hannu ɗaya tana zazzaro ido tana yi wa mijinta tsawa da Bengali, sannan cikin ƙiftawa ta dawo hayyacinta tana kuka tana tambayar me ta yi, ya san cewa a nan nauyin fim ɗin yake. Malamin addininsu da dangi suka ɗauko bai kori likitan ba, ya amince suka yi aiki tare, inda a daren bikin addinin Hindu na Durgashtami aka musanya Siddharth da mutum-mutumi, Avni ta huce fushinta a kansa tana zaton ta kashe sarki.

Abin da ya sa na ce fim ɗin ya iya haɗa tsoro da dariya shi ne, dariyar tana da aikin da take yi. Rabin farko duka ana sa mai kallo ya yi wa matsorata dariya ne: Paresh Rawal, a matsayin ɗaya daga cikin dangin, yana rawar jiki a farfajiyar gidan, Rajpal Yadav kuma, a matsayin Chhote Pandit, ya zauce saboda firgita, ya shafe jikinsa da jan launi, ga shi an hana shi taɓa ruwa yana ta tsallake kududdufi. Kana cikin ƙyaƙyatawa ba za ka lura ba cewa kai ma ka bi sahun dangin wajen ɗora laifi a kan Radha, yarinyar da aka riƙa a gidan, don kawai an san ta taɓa son Siddharth. Na tuna daren da muka kalle shi a tsakar gida, janareto yana kuka, ƙananan yara sun cusa kawunansu cikin zanen goggona, ita kuma tana ta nuna Radha da yatsa tana cewa tun farko idon yarinyar nan bai kwanta mata ba. Da gaskiya ta bayyana, sai goggo ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ashe mun ɗauki alhakin marainiya." A ganina, masu fim ɗin sun shirya ne musamman don su kai mai kallo ga wannan kunyar.

Ina zaton ruɗanin mai gabatarwarku ya samo asali ne daga kashi na biyu da Anees Bazmee ya yi a 2022, inda Kartik Aaryan ya fito a matsayin saurayin da ke ƙaryar yana magana da matattu, Tabu kuma ta fito a matsayin tagwaye. A wancan, fatalwar gaske ce a cikin labarin, sunan Manjulika kawai aka aro, amma labaran biyu ba su haɗa komai ba in ban da suna da waƙa da tsohon gida da Chhote Pandit.

Ba na cewa fim ɗin 2007 ba shi da aibu. Babu likitan da zai ce ana raba mutum da irin wannan cuta a dare ɗaya da takobi da mutum-mutumi, wannan dabara ce ta masu fim don labari ya zo ƙarshe cikin sa'o'i biyu da rabi. Haka kuma yana ba ni mamaki yadda fim ɗin da ya tausaya wa Avni a kan larurarta ya mayar da zaucewar Chhote Pandit abin wasa daga farko har ƙarshe, kamar dai ciwon matar mai gida shi ne ciwo, na talaka kuwa nishaɗi.

Duk da haka, a ƙasar da mace za ta fara magana da wata murya dabam a yi ta yawo da ita tsawon shekaru ba a taɓa kai ta gaban likita ba, bai kamata a ɗauki fim ɗin da ya nuna malami da likita suna zaune a tabarma ɗaya a mayar da shi labarin boka da aljana ba. Roƙona shi ne ku gyara wannan bayani a shiri na gaba, kuma idan da hali ku gayyato likitan ƙwaƙwalwa daga asibitin Dawanau na Kano ko na Barnawa a Kaduna, tare da malamin da ya san ruƙya, ku sanya musu wurin ɗaga gadon nan, ku tambayi kowannensu abin da zai fara yi idan aka kawo masa Avni.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Zariya.