Motocin golf na mutuwa a tsaye saboda rashin kula da taya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana a kan abin da na sani, wato taya. Shekarata 23 ina sana'ar faci a Kaduna, shida daga ciki na yi su ina kula da ƙananan motocin nan masu batir da ake kira motar golf, a wani wurin shaƙatawa. Asali don 'yan wasan golf aka ƙera su, su riƙa zaga fili da sandunansu, amma yanzu ga su a otal-otal da rukunin gidaje da asibitoci. Alhazai ma sun san su a Harami, inda suke ɗaukar tsofaffi da marasa ƙarfi.

Watan jiya na kai mahaifiyata wani babban asibiti saboda ciwon gwiwa. Daga ƙofa zuwa ɓangaren ƙashi tafiya ce mai nisa, sau uku muna tsayawa tana dafa kafaɗata. A tsayuwa ta uku na hango irin motocin nan guda uku a bayan wani gini, rana na dukansu, tayoyin sun kwanta a ƙasa. Na tambayi mai gadi, ya ce ai sun daɗe a nan, wai tayarsu ba ta samuwa. Na zaunar da Hajiya a inuwa, na je na durƙusa na duba. Wallahi, Malam Edita, zanen tayoyin ko rabi bai cinye ba. Gefensu ne ya tsattsage kamar faso, saboda zama a rana babu iska. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Laifin farko namu ne, mu masu faci. Hannunmu ya saba da tayar mota, wadda ke shan 30 zuwa 35 a geji, wato ma'aunin iska, wani ma ba ya ɗauko gejin, sai ya danna da babban yatsa ya ce ta yi. Tayar motar golf da aka fi samu, ko Club Car ce ko E-Z-GO ko Yamaha, za ka ga an rubuta 18x8.50-8 a jikinta: tsayi inci 18, faɗi 8 da rabi, rim inci 8. Gajera ce mai faɗi don kada ta lalata ciyawa, kuma iskar da take so wajen 20 ne, ɗan sama ko ɗan ƙasa gwargwadon abin da kamfani ya rubuta. Idan ka ɗura mata ta mota, tsakiyarta ce kaɗai za ta riƙa taka ƙasa ta suɗe, motar kuma ta dinga tsalle a kan kowane ɗan dutse. Lafiyayye zai jure, amma wanda aka yi wa aiki a ciki fa?

Ƙarancin iska ya fi wannan ɓarna, domin ba taya kaɗai yake ci ba. Yawancin motocin nan batir shida ne a ƙarƙashin kujerarsu, kowanne ya kusa kilo 30, ga kuma mutanen da ke kai. Taya mai laushi tana riƙe mota kamar ana tafiya cikin rairayi, sai caji ya riƙa ƙarewa kafin la'asar. Na sha ganin an ce batir ya mutu, ana shirin kashe kuɗi masu yawa, alhali iska ce ta ragu. A inda nake aiki kowace Asabar da sassafe nake auna su, kafin su motsa, tun taya na da sanyi. Da hunturu nakan ƙara dubawa a tsakiyar mako, don sanyin asuba yana saukar da geji.

Sai rana. Rumfa ko ta kwano ce ta wadatar. Idan mota za ta daɗe ba ta aiki, a ɗaga ta da jak a sa katako, tayoyin su huta. Yara masu wanki kuma su daina shafa wa taya baƙin mai wai don ta yi ƙyalli, mai yana cin roba.

Huda ba abin tsoro ba ne. Ƙusa ko ƙayar aduwa in ta shiga ta inda zane yake, a toshe ta yadda ake yi wa tubles, ta ci gaba da aiki. Amma hudar gefe ba ta da faci, duk wanda ya ce maka zai gyara kuɗinka yake so. Kuma a tuna motar nan ba ta zuwa da safaya, shi ya sa taya ɗaya ke kwantar da ita wata da watanni.

In canji ya zo, a canza biyu tare, na gaba ko na baya. Musamman na baya, inda injin yake turawa: ɗaya sabuwa ɗaya suɗaɗɗiya, tsayinsu ya bambanta, kayan ƙafa ne za su sha wahala. An taɓa kawo mini tayar Keke Napep a ce in ɗaura, tunda ita ma rim ɗinta inci 8 ne. Na ƙi. Tayar keke siririya ce, 4.00-8, ba za ta zauna daidai a kan rim mai faɗi ba, kuma ba zan ɗora ran mutane a kanta ba. Mai sayen ta hannu ya nemi lambobi huɗu na ƙarshe a gefen tayar in akwai su: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tsohuwar roba tana iya nuna zane mai kyau alhali ta bushe. Idan kuma tsohuwar tayar gaba gefe ɗaya ta cinye, a fara gyara saitin ƙafa, in ba haka ba sabuwar ma haka za ta tafi.

Roƙona ga masu hannu da shuni da ke ba da kyautar motocin nan, Allah Ya saka musu, su haɗa da taya biyu na ajiya da ɗan geji, a kuma ware mutum ɗaya a koya masa. Masu kula da asibitoci su leƙa bayan gine-ginensu. Ni dai na bar wa mai gadin saƙo ya isar sama cewa zan zo da kayan aikina in duba ukun nan kyauta, in faɗa musu wace taya ke da sauran rai. Har yau ban ji kira ba, kuma nan da mako biyu Hajiya za ta koma ganin likita.

Naka,
Wani mai faci,
Tudun Wada, Kaduna.