Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Kwamitin Gudanar da Makaranta

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni uba ne mai 'ya'ya a makaranta, kuma roƙona ɗaya ne: ka buɗe wa iyaye lissafin makarantar nan, na kuɗi da na karatu.

Kullum ana kukan iyaye ba sa zuwa taro, kuma gaskiya ne. Amma wanda ya bar sana'arsa ya zo, ya tarar an riga an yanke magana, saura kawai a faɗa masa nawa zai biya, da wuya ka sake ganinsa. A sanar da abin da za a tattauna tun kafin ranar, a sa taron lokacin da mutane suka tashi daga aiki. A kuma ba iyaye mata dama su yi magana, domin su suka fi sanin ranar da yaro ya ƙi fita, da abin da ya hana shi.

Maganar kuɗi ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. A Uganda, bincike ya gano cewa daga 1991 zuwa 1995, kashi 13 cikin ɗari kacal na tallafin da gwamnati ke aika wa makarantun firamare ke isa hannunsu. Da aka fara buga adadin a jaridu, makarantu kuma suna manna shi inda kowa zai gani, zuwa 2001 abin da ke isa ya kai kusan kashi 80. Takarda ɗaya a bakin ƙofa, mai nuna abin da ya shigo da abin da aka kashe, ba ta fi ƙarfin kwamitinku ba. Ku ma za ta kare ku daga zargi.

Sai karatun kansa. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kashi 70 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta. Uba yana ganin ɗansa na fita kowace safiya, sai ya ɗauka karatu na tafiya. A ƙarshen kowane zango, ku faɗa mana yara nawa a kowane aji suka iya karatu, ko da adadin ba zai yi daɗin ji ba. Koyarwa aikin malamai ne, kada ku shiga musu aji, amma tambayar sakamako hakkinku ne.

Waɗanda kuwa 'ya'yansu suka daina zuwa gaba ɗaya, takardar gayyata ba za ta same su ba. Ka raba gidajensu tsakanin 'yan kwamiti, a je a zauna da su kafin a koma hutu.

Naka,
Wani uba