Zuwa ga Sani, Alhajin Kumasi

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya mutanen Zango? Wata huɗu ba ka neme ni ba, ni ma na yi zuciya. Yau dai na sauko, don akwai labarin da ke cina.

An ɗora mini darasin tarihi bana, dole na koma karatu a kan Gwamna Lugga. Ka san abin da ya kawo mutumin nan Afirka? Mace! A Madras ta Indiya aka haife shi a 1858, ya shiga soja, ya yi yaƙi a Afganistan da Sudan da Bama, duk ya fito lafiya, sai wata Baturiya ta kayar da shi. Ya bi ta har Landan, ya tarar ta yi gaba. Shi ne ya hau jirgin ruwa ya nufi gabashin Afirka kamar mai neman ajalinsa, har aka harbe shi a Karonga, can Malawi ta yanzu, a 1888, ya tashi. Ina karantawa ka faɗo mini a rai. Shi Ladidinsa har Yuganda ta kora shi, kai taka iyakarta Kumasi.

Af, Ladidin taka ta sake haihuwa, tagwaye. Angon naka sai tumbi yake yi.

Dariyar dai ta tsaya da na iso 1903. Ka tuna Inna in ta ce "zuwan Nasara" sai ta rage murya? Ashe ba ma shi ya ci Kano da kansa ba, Kanar Morland ya turo, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Alu bai sake zama gidansa ba, a Lokoja ya rasu. Sarkin Musulmi Attahiru kuwa a Burmi aka kashe shi. Sai Satiru a 1906, wadda aka shafe ƙurmus. Wata yarinya 'yar ƙarama a layin gaba ta ɗaga hannu, wai Malam, to don me har yau ginin majalisar Kaduna yake amsa sunansa? Na yi ta juya alli a hannu, ƙararrawa ce ta cece ni. Ran Litinin za ta sake tambaya, na san halinta. Kai da ka iya surutu, me zan ce mata?

Rufin ɗakin Baba ya fara yoyo, Habu kuma ya sayar da babur ɗin nan ba shawara. In za ka zo da Sallah ka riƙo goro, ba irin busasshen bara ba.

Naka,
Garba