Kafin mu ce manhajar kallon taurari ta lalace

Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu sha'awar kallon sama, musamman waɗanda suka sauke Stellarium sannan suka goge ta cikin fushi. Manhaja ce ta kyauta da wani Bafaranshe, Fabien Chéreau, ya fara a 2001, kuma yana yi mini ciwo a rabu da ita kan matsalar da ba ta taka kara ta karya ba.

Daren da na fara buɗe ta, 'yar autata na jingine a kafaɗata tana jiran in nuna mata Kaza da 'Ya'yanta. Allon ya yi baƙi ƙirin, rubutun ya fito a kakkarye, babu tauraro ko ɗaya. Yarinyar ta yi shiru, ni kuma raina ya ɓaci. Ashe laifin daga tsohuwar kwamfutata yake. Manhajar da fasahar OpenGL take zana sararin sama, ni kuwa na shekara da shekaru ban sabunta direban katin hoto ba, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa hoto a kwamfuta. Ina sabunta shi sama ta cika fal da taurari. Wanda kwamfutarsa ta tsufa ainun, a Windows yana iya gwada buɗe ta ta hanyar MESA, wani tsari da ke zana hoto ba tare da dogaro da katin hoto ba. Takan yi nauyi, amma tana nuna hoto.

Abin da ya fi ruɗa ni ya zo daga baya. Ga Zara ina kallonta da idona a yamma bayan faɗuwar rana, allo kuma ya nuna ta riga ta faɗi. Ashe sararin saman wani gari daban manhajar take nuna mini, domin ban taɓa faɗa mata inda nake ba. Maɓallin F6 ke saita wuri, F5 kwanan wata da lokaci. Idan da rana ka buɗe ka ga shuɗi zalla, danna A, hasken rana zai gushe taurari su bayyana.

Idan ka ga allon ya koma ja, shi ma da gangan aka yi shi, don kada ya ɓata ganin dare. Ido yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuwa nan take yake ɓata wannan sabon.

Edita, don Allah ka ware mana ko da ɗan gefen shafi ne duk wata, a riƙa sanar da abin da za a gani a sama. Yanzu 'yar tawa da kanta take nemo Kazar a allo, ta fita waje ta nuna mini ita da yatsa.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku